Tsakanin FLAC da MP3: Wa Ke Buƙatar Cikakken Sauti?

A watan Satumban 2025 kamfanin Spotify ya fara bai wa masu biyan kuɗi damar sauraron waƙa da cikakken sauti, wato sautin da ba a zubar da komai daga cikinsa ba, bayan ya yi alkawarin haka tun Fabrairun 2021. Apple Music ya riga shi tun Yunin 2021, Amazon kuwa tun 2019. Duk sanda irin wannan sanarwa ta fito sai tsohuwar gardama ta farfaɗo. Wasu su rantse MP3 ya lalata kiɗa, wasu su ce kunnen ɗan Adam bai san bambanci ba.

Ni dai ga inda na tsaya. Mai sauraro na yau da gobe, da wayarsa da iyafis ɗinsa, ba zai bambanta cikakken sauti da matsattsen sauti mai kyau ba, kuma bai kamata a sa shi ya riƙa jin kamar an cuce shi ba. Amma akwai mutanen da cikakken sauti ya zama musu dole: masu situdiyo, gidajen rediyo, da duk wanda amanar tsofaffin waƙoƙi ke hannunsa. Abin da ke damuna shi ne gardamar ta tare a kunnen mai sauraro, inda babu wata asara ta a zo a gani, ta bar ma'ajiya, inda ake tafka asarar da ba ta gyaruwa.

Sai mun san abin da ake gardama a kansa tukuna. Faifan CD, wanda Sony da Philips suka fito da shi kasuwa a 1982, yana auna sauti sau 44,100 a kowane sakan, ga kunnen dama da na hagu, kowane awo da zurfin bit 16 (bit shi ne mafi ƙanƙantar ma'aunin bayani a kwamfuta). Idan aka haɗa lissafin, kilobit 1,411 ke nan a sakan, kusan megabait 10 a minti ɗaya. Waƙar minti huɗu ta haura megabait 40. A zamanin da intanet ke tafiyar hawainiya wannan nauyi ne da ba ya ɗaukuwa, sai aka bi hanya biyu don rage shi. Hanya ta farko ita ce a tattare fayil ɗin ba tare da an yar da komai ba, ta yadda in an buɗe shi zai dawo daidai yadda yake, ba ragi ba ƙari. Aikin FLAC ke nan, wanda ya fito a 2001, da takwaransa ALAC na kamfanin Apple. Sukan rage nauyin ya koma kusan rabi ko sama da rabi kaɗan, iyakarsu ke nan.

Hanya ta biyu ita ce ta MP3, kuma ita ce mai ban sha'awa. Masu bincike a cibiyar Fraunhofer da ke Erlangen a Jamus, cikinsu har da Karlheinz Brandenburg, sun gina shi ne a kan raunin kunnen mutum. Kowa ya san wannan rauni ko da bai taɓa karanta shi ba: idan janareta na aiki a tsakar gida ba ka jin tafiyar agogon bango sai an kashe shi. Agogon bai tsaya ba, kunne ne ya kasa kama shi. Babban sauti yana danne ƙaramin da ke kusa da shi, kuma bayan bugun ganga mai ƙarfi akwai ɗan ƙanƙanin lokaci da kunne ba ya ɗaukar ƙaramin motsi. MP3 yana lissafa abin da aka danne ɗin ne, ya rage kulawar da yake ba shi ko ya yar da shi gaba ɗaya, ya kashe ƙarfinsa a kan abin da kunne zai ji. Ba da ka aka yi aikin ba. Shekaru aka kwashe ana zaunar da mutane suna sauraro ana gyarawa, kuma Brandenburg ya sha ba da labarin yadda wata waƙar Suzanne Vega, wadda murya ce zalla babu kiɗa, ta ba shi wahala kafin na'urar ta iya fitar da ita ba tare da ƙaiƙayi ba. An amince da tsarin a farkon shekarun 1990, aka raɗa masa sunan da muka sani a 1995. Bayansa wasu tsare-tsaren matsewa irinsa suka biyo, AAC a 1997, Opus kuma a 2012, dukansu sun fi shi iya aiki a kan nauyi iri ɗaya.

To, ana jin bambanci ko ba a ji? Amsar ta dogara ne da yawan matsar da aka yi, kuma a nan ne masu gardama suke haɗa abubuwa biyu daban su kira su da suna ɗaya. MP3 mai kilobit 64 ko 96 a sakan lalatacce ne a fili, ba sai ƙwararre ba. A 128 ma mai kunne zai tsinci aibu: yawancin manhajojin da ke haɗa shi suna yanke siririn sautin da ya haura kaɗawa 16,000 a sakan, tafi yana komawa kamar ana yayyafa ruwa a kwano, bugun da ya kamata ya fito tsaf, irin na kalangu ko ƙwarya, yana zuwa da ɗan hazo a gabansa. Wanda ya ce yana jin wannan, gaskiya ya faɗa. Amma da zarar an kai 256 ko 320, labari ya sauya. A 2009 Amandine Pras da abokan aikinta a Jami'ar McGill ta Kanada sun zaunar da makaɗa da injiniyoyin sauti a ɗakin da aka tanada don sauraro, suka kunna musu sautin CD da MP3 daga 96 har 320 ba tare da sun san wanne ne wanne ba. Sun fifita CD a kan 96 da 128 da 192. A 256 da 320 kuwa ba a ga sun fifita ɗaya a kan ɗaya ba. Mutanen da sauraro ne sana'arsu ke nan, a ɗaki shiru, da sifikoki masu tsada. Ina ga mai sauraro a cikin adaidaita sahu a kan titin Zoo Road?

Na san akwai wanda zai ce shi dai ya gwada da kansa, ya kunna FLAC ya ji waƙa ta buɗe. Ba na ƙaryata shi, domin ya ji wani abu da gaske. Tambayar ita ce me ya ji. Abu na farko, ƙarfin sauti. Idan ɗaya ya ɗara ɗaya ƙara ko da ɗan kaɗan ne, kunne ba ya cewa "wannan ya fi ƙara", cewa yake "wannan ya fi daɗi". Na biyu, sau da yawa fayil biyun ba daga tushe ɗaya suke ba: ɗaya daga tsohon bugu, ɗaya daga sabon gyaran da aka sake yi wa waƙar a situdiyo, sai a jingina bambancin ga nau'in fayil alhali hannun injiniya ne. Na uku shi ne sanin da mutum ya yi. Wanda ya san wannan ne mai tsada zai saurare shi da nutsuwar da bai ba wancan ba, kuma duk wanda ya nutsu zai ji abin da bai taɓa lura da shi ba a waƙar da ya haddace.

Maganin wannan gwaji ne mai sauƙi da ake kira ABX, kuma kowa zai iya yi a kwamfuta da manhajar foobar2000, kyauta take. Ka ɗauki waƙar da ka fi sani a FLAC, ka fitar da MP3 mai 320 daga cikinta ita kanta. Manhajar za ta ba ka A da B, sannan ta ba ka X ta ɓoye maka ko wanne ne a cikinsu. Ka yi sau 16. In ka dace sau 12 ko fiye, to akwai alamar kunnenka na kama wani abu. In ka tsaya a 8 ko 9, canki-canka ka yi. Akwai masu tsallake wannan gwaji, ban musa ba, musamman waɗanda suka koyi irin aibun da za su nema, a kan wasu 'yan gutsattsarin kiɗa masu wuyar matsewa. Sai dai ka duba yadda suke yi: sakan biyu ko uku suke maimaitawa, ido a rufe, suna farautar aibu ɗaya. Wannan aikin bincike ne, kuma yana da amfaninsa. Ba haka mutum yake sauraron waƙa yana tuƙi ko yana guga ba.

Batun abin da ake tallatawa da sunan sautin da ya fi na CD kuwa bai ma kai a daɗe a kansa ba. Kunnen yaro mai lafiya yana tsayawa ne a wajen kaɗawa 20,000 a sakan, yana kuma raguwa da shekaru, CD kuwa yana ɗaukar har 22,000. A 2007 Brad Meyer da David Moran sun wallafa gwajin da suka yi a Amurka tsakanin irin wannan sauti da na CD: cikin gwaji 554 an dace sau 276, rabi ke nan. Na'urar kunna waƙa ta Pono, mai irin wannan sauti, wadda aka tara mata sama da dala miliyan 6 a 2014 da alkawarin dawo wa kiɗa da martabarsa, ba ta wuce 2017 ba.

Sannan ga abin da tallace-tallace ba sa son tsayawa a kai. Yawancin masu sauraro yau da Bluetooth suke ji, ko iyafis marar waya ko 'yar sifikar da muke kira MP. A yawancin na'urori hanyar Bluetooth ta yi ƙanƙanta ga cikakken sauti, don haka waya tana sake matse duk abin da ka kunna kafin ta tura shi. Tsarin matsewa na SBC da ke cikin kusan kowace na'urar Bluetooth bai cika wuce kilobit 328 ba, LDAC na Sony, wanda ake yabo, yana tsayawa a 990, ƙasa da 1,411 na CD. Kamfanin Apple da kansa ya rubuta cewa sauraro ta Bluetooth ba cikakken sauti ba ne. Wato mutum zai iya biyan kuɗin datar FLAC, alamar ta fito a fuskar wayarsa, amma abin da ya isa kunnensa matsattse ne.

Kuɗin datar kuma ba abin rainawa ba ne a wurinmu. Bisa lissafin Apple, waƙar minti uku tana cin kimanin megabait 6 a matsattsen sauti mai 256, tana cin 36 a cikakke, tana cin 145 a mafi girman mataki. Ninki shida ke nan tsakanin na farko da na biyu. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta Nijeriya, NCC, ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Ɗalibin da ke lallaɓa gigabait ɗaya ya kai shi mako, in aka sa masa a rai cewa sai da cikakken sauti zai ji waƙa yadda take, an zalunce shi. Wanda yake da intanet marar iyaka da babban hedifon mai waya da ɗaki shiru, ya kunna abinsa, babu laifi, ko don kwanciyar hankalin sanin cewa ba a taɓa komai ba. Amma wanda kuɗinsa ƙididdigagge ne, ya sa su a iyafis mai kyau wanda ke zama daram a kunne yana toshe hayaniyar waje. Wannan bambanci ne da zai ji a minti na farko. Zai ma taimaka masa ya rage ƙara, abin da ya fi duk wannan gardama muhimmanci, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan ɗaya na cikin haɗarin raunin ji saboda sauraro da ƙara mai yawa, kuma ma'aunin da ta bayar ga babba shi ne ƙarar da ba ta wuce desibel 80 ba (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), na awa 40 a mako. Jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa.

Duk da haka, wanda ya ce waƙoƙin da ke yawo a wayoyinmu sautinsu ya lalace bai yi ƙarya ba. Ya dai kama mai laifin da ba shi ba ne. Bi sawun waƙa ɗaya ka gani. Mawaƙi ya karɓo ta daga situdiyo a MP3, matsa ta farko. Aka ɗora ta a kan bidiyo aka sa a YouTube ko TikTok, matsa ta biyu. Wani ya sauko da ita ta shafin da ke mayar da bidiyo MP3, ta uku. Wani ya yanko ta ya sa a status, wani ya kwaso daga can ya haɗa da hoto ya sake ɗorawa. Kafin ta isa memorin da mai turi zai loda wa direban mota a kasuwa, an matse ta sau huɗu ko biyar. Dabarar MP3 an gina ta ne don a yi sau ɗaya daga asali mai tsabta. A karo na biyu na'urar ba ta san wanne ne kiɗa wanne ne tabon matsar farko ba, sai ta adana tabon ta ƙara nata a kai. Waɗanda suka yi zamanin kaset sun san irin wannan, lokacin da ake kwafa daga kwafi har murya ta nutse cikin shuuu.

A nan akwai rashin fahimta biyu da ya kamata a kawar. Tura fayil daga waya zuwa waya ta Xender ko ta memori ba ya rage masa komai, ko sau dubu aka tura, domin kwafi ne daidai wa daida. Sauya shi daga wani nau'i zuwa wani ne ke cin sa. Kuma sauyawar ba ta komawa baya. Shafin da ya ce zai ba ka 320 daga bidiyon YouTube yana ba ka fayil mai nauyin 320 ne ɗauke da sautin da tuni aka matse ƙasa da haka. Haka wanda ya mayar da MP3 zuwa WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba ko kaɗan, ko FLAC, nauyi kawai ya ƙara, abin da aka yar ya tafi. Mai shakka ya buɗe fayil ɗin da ƙaramar manhajar Spek, zai ga inda aka yanke saman sautin a miƙe kamar an sa reza.

Akwai kuma ɓarnar da ake yi tun a situdiyo, wadda babu nau'in fayil da zai gyara. Ana tura ƙarar waƙa har ƙarshen ma'auni don ta fi ta wani tashi a sifikar biki, sai ganga ta daina numfashi, murya ta riƙa tsagewa. Wannan cuta ce ta duniya, ba tamu kaɗai ba, kuma amfaninta ma ya ragu tunda Spotify da YouTube suna rage ƙarar waƙar da ta yi yawa don ta daidaita da sauran. Waƙar da aka gama da kulawa, a MP3 mai 192, ta fi wadda aka ƙona daɗin ji ko da a FLAC aka kawo ta.

Wannan ne ya kawo ni inda cikakken sauti yake da muhimmanci na gaske. Matsattsen fayil na sauraro ne. Ba a gyara a kansa, ba a sake haɗawa daga gare shi, ba a ajiye shi a matsayin asali. Duk mawaƙin da ya biya kuɗin situdiyo ya fita da MP3 kaɗai a wayarsa ya bar dukiyarsa a baya. Haƙƙinsa ne ya karɓi WAV na waƙar da aka gama, in da hali har da muryoyi da kayan kiɗa daban-daban, ya ajiye a wuri biyu. Kwamfutar situdiyo tana mutuwa, ana sayar da ita, ana goge ta don a sami wurin aikin gobe. Ranar da wani kamfanin fim ko dandalin waƙa zai nemi asali, ko ranar da za a fito da tsarin matsewa da ya fi na yau, wanda yake da WAV zai fitar da sabon kwafi mai tsabta, wanda yake da MP3 kuwa sai dai ya matse matsattse.

Abin ya fi tsanani ga waɗanda ba za su sake shiga situdiyo ba. Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Mamman Shata a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015. Abin da aka ɗauka na muryoyinsu da na ire-irensu, da na malaman da suka yi tafsiri, da masu wasan kwaikwayon rediyo, shi ke nan abin da za a taɓa samu. Yana kan faya-fayan garmaho da manyan tef-tef da kaset, a gidajen rediyo irin su Rediyon Kaduna da ya fara aiki a 1962 da Muryar Sahel a Yamai, da jami'o'i, da akwatunan iyalai da tsofaffin 'yan kasuwar kaset. Tef ba ya son zafi, ba ya son laima, ba ya son ƙura, mu kuwa muna da dukansu. Ko ƙasashen da ke da kuɗi ba su tsira ba: gobarar da ta tashi a harabar Universal a Kalifoniya a 2008 ta cinye asalin tef-tef na waƙoƙi masu yawan gaske, kuma sai a 2019 jaridar New York Times ta fito da girman asarar.

Tsorona shi ne a yi aikin ceto rabi da rabi. Mutum mai kyakkyawar niyya ya ɗauko tsohon tef, ya haɗa da kwamfuta, ya adana a MP3 mai 128 don ya sami wuri, ya ɗauka an gama, tef ɗin kuma a bar shi ya ruɓe. Tsohon ɗauka mai shuuu a ciki yana daga abin da ya fi wahalar da na'urar matsewa, kuma duk injiniyan da zai zo nan gaba da kayan tsaftace sauti da suka fi namu zai tarar an riga an yar da abin da zai yi aiki da shi. Sau da yawa tsohon tef dama ɗaya yake bayarwa, wani ma yana kaɗewa a kan na'ura ana cikin juya shi. Ƙungiyar ma'ajiyoyin sauti ta duniya, IASA, ta ba da shawarar a juya irin wannan zuwa WAV, a auna sau 96,000 a sakan da zurfin bit 24, kada a yi ƙasa da 48,000. Ba don wani zai ji bambancin a iyafis ba, sai don asali ya isa hannun na gaba da duk abin da ke cikinsa. Daga wannan asalin sai a fitar da MP3 ko AAC mai kyau, sau ɗaya, a raba wa jama'a.

Wurin ajiya kuma ba hujja ba ce yanzu. Faifan ajiya mai terabait ɗaya yana ɗaukar sama da awa 1,500 na sauti a matakin CD ba tare da an matse komai ba, ko kusan awa 480 a matakin da IASA ta fi so. Abin da ke ƙarewa shi ne na'urorin da ke juya manyan tef-tef, waɗanda manyan kamfanonin da suka saba ƙera su suka daina tun tuni, da tsofaffin injiniyoyin gidajen rediyo da suka san yadda ake daidaita su da gyara su. Ina kira ga gwamnatocin jihohi masu gidajen rediyo, da sassan nazarin harsunan Nijeriya a Jami'ar Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Danfodiyo, su ware kuɗi su ɗauki waɗannan injiniyoyi aiki tun suna da ƙarfi, a haɗa kowannensu da matasa biyu ko uku masu sanin kwamfuta, a fara da tef-tef ɗin da suka fi tsufa, kuma a ajiye kwafi na biyu a wani gari daban.